Lotsawar bayan mota yayin jan tirela

Lotsawar bayan mota ita ce saukar da bayan mota ke yi zuwa ƙasa idan aka ɗaura mata tirela, sakamakon nauyin da wuyan tirelar ke ɗorawa a kan ƙugiyar ja. An fi ganin ta a motocin a-kori-kura da manyan jif-jif, musamman a Amurka, Kanada da Ostareliya, inda iyalai da ƙananan 'yan kasuwa ke jan ɗakunan kwana masu taya, jiragen ruwa, dawakai da kayan gini da motocinsu na gida. 'Yar lotsawa kaɗan ba matsala ba ce, domin an ƙera sifirin ne don ya danne idan ya ɗauki kaya. Matsalar tana farawa idan bayan ya sauka har gaban motar ya ɗaga, tayoyin gaba suka rage riƙon kwalta, sitiyari da birki suka daina amsawa yadda ya kamata.

Kalmomi

A Hausar yau da kullum, idan aka ce tirela, abin da ke zuwa a rai shi ne doguwar babbar mota mai kai da jela. Asalin kalmar kuwa abin da ake ja take nufi kaɗai, ba tare da motar da ke jansa ba, kuma da wannan ma'anar aka yi amfani da ita a wannan maƙala. Kamar birki da sifirin, ita ma aro ce daga Ingilishi, kuma a duka ukun an cusa wasali tsakanin baƙaƙen farko saboda kalmar Hausa ba ta farawa da baƙaƙe biyu a jere. Wuyan tirela shi ne ƙarfen da ya miƙe daga gabanta, wanda bakinsa ke zama a kan ƙwallon ƙugiya. Aksul kuma shi ne sandar da ta haɗa tayoyi biyu na gefe da gefe. Direbobi kan ce mota ta zauna idan kaya suka danne bayanta, kuma abu guda ake nufi.

Yadda take faruwa

Ƙugiya ba a kan aksul na baya take ba, tana can bayansa da tazarar mita ɗaya ko fiye. Saboda haka motar takan zama kamar katakon da aka ɗora a kan dutse: idan aka danna ƙarshen baya, ƙarshen gaba ya tashi. Aksul na baya shi ne dutsen.

Ana iya lissafa wannan cikin sauƙi. A ɗauka tazarar da ke tsakanin aksul na gaba da na baya mita 3.6 ce, wadda ta yi kusa da ta manyan a-kori-kura na Amurka masu ƙofa huɗu, tazarar aksul na baya zuwa ƙwallon ƙugiya kuma mita 1.2. Idan wuyan tirela ya danna ƙwallon da kilogiram 300, nauyin da zai bar tayoyin gaba shi ne 300 sau 1.2 a raba da 3.6, wato kilogiram 100. Wannan nauyin ba ya ɓacewa, baya yake komawa. Don haka aksul na baya zai samu ƙarin kilogiram 400, alhali abin da aka ɗora 300 ne kawai. Duk ƙarin tsawon da aka yi wa ƙugiya yana ƙara wannan bambancin, shi ya sa doguwar sandar ƙugiya ke ƙara lotsawa ko da nauyin tirela bai canja ba.

Yawan saukar da bayan zai yi ya dogara ga taurin sifirin. Ƙa'idar da Robert Hooke ya wallafa a 1678 ta nuna cewa dannewar sifirin tana tafiya daidai da nauyin da aka ɗora masa. Idan sifirin biyu na baya suna sauka santimita ɗaya a kan kowane kilogiram 80, ƙarin 400 zai saukar da su santimita 5, kuma a wajen ƙugiya saukar za ta fi haka tunda ta fi nisa.

Yawancin a-kori-kura, irin su Ford F-150 da Toyota Hilux, suna amfani da sifirin mai falle-falle a baya, wato dogayen ƙarafa masu lanƙwasa da aka jera ɗaya bisa ɗaya. Tsari ne tsoho, wanda ya samo asali tun zamanin keken doki. Obadiah Elliott na Landan ya yi rajistar wani nau'insa a 1804. A ƙasan jerin akan sa wani falle mai kauri wanda ba ya aiki sai kaya sun yi nauyi. Wasu kamfanoni sun koma sifirin mai naɗi don samun laushin tafiya: Ram 1500 daga samfurin 2009, Toyota Tundra daga samfurin 2022. A nan akwai ciniki da injiniya ba zai iya kauce masa ba, domin sifirin mai laushi yana da daɗin zama idan motar ba kaya amma yana saurin lotsawa, mai tauri kuwa yana riƙe kaya amma yana jijjiga fasinja.

Masu ƙera motoci sun san da haka, shi ya sa a-kori-kura ke fitowa daga masana'anta bayanta ya fi gabanta tsayi kaɗan, don idan ta ɗauki kaya ta daidaita. Masu ɗaga gaban mota don ado, abin da ya yawaita a Amurka, suna cinye wannan rarar tun kafin a ɗaura tirela.

Illoli

Babbar illa tana gaba, ba a baya ba. Tayoyin gaba su ke juya mota, kuma su ke yin mafi yawan aikin birki. Idan nauyinsu ya ragu sitiyari yakan yi sako-sako, motar ta riƙa zarcewa a kwana, musamman a jiƙaƙƙen titi. Fitilun gaba sukan ɗaga su haske idon masu tahowa maimakon hanya.

A baya kuma, sifirin da ya riga ya danne ba shi da sauran wurin motsi. Da an faɗa rami sai aksul ya bugi robar da ke tare shi a jikin shasi, bugun ya wuce kai tsaye zuwa shasi da ƙugiya. Kusurwar farfela tana canjawa, abin da kan kawo karkarwa lokacin tashi. Tayoyin baya suna zafi idan nauyinsu ya wuce kima, kuma zafi na cikin manyan dalilan fashewar taya. Ita ma tirelar, idan ƙugiya ta sauka, gabanta yakan duƙa. A tirela mai aksul biyu wannan na iya ɗora wa tayoyin gaba fiye da rabonsu.

Iyakokin nauyi

Kafin a yi maganar gyara, dole a tabbatar motar ba ta wuce iyakar da aka ƙera ta a kai ba. A motocin kasuwar Amurka akwai takarda a jikin ginshiƙin ƙofar direba mai ɗauke da GVWR, wato iyakar nauyin motar da duk abin da ke cikinta, da GAWR, wato iyakar abin da kowane aksul zai ɗauka. Wata takardar ta biyu, wadda aka tsaurara dokarta bayan dokar TREAD ta shekarar 2000, tana faɗin jimillar nauyin mutane da kaya da motar za ta iya ɗauka. Nauyin wuyan tirela yana cikin wannan jimillar. Motar da aka yarje wa kilogiram 700, idan ta ɗauki mutum huɗu masu nauyin 300 da ƙugiya mai nauyin 40 da wuyan tirela mai 300, kilogiram 60 kawai ya rage mata. Sau da yawa wannan iyakar ce ke cika tun kafin a kusanci babban adadin ƙarfin ja da ake talla da shi.

Shi kansa adadin ƙarfin ja, kowane kamfani yakan auna shi yadda ya ga dama, har ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE ta fitar da ma'aunin J2807 a 2008. Cikin gwaje-gwajensa akwai hawan tudun Davis Dam a jihar Arizona, mai tsawon mil 11.4, a cikin zafin da bai gaza digiri 38 na Salsiyas ba, da na'urar sanyaya mota a kunne. Toyota ta fara bin ma'aunin a 2011, su Ford, General Motors da Ram suka biyo baya a ƙananan a-kori-kura na samfurin 2015. Ƙugiyoyi ma suna da azuzuwa a ƙarƙashin ma'aunin J684: aji na ɗaya har laba 2,000, na biyu 3,500, na uku 5,000, na huɗu 10,000, wato kimanin kilogiram 900, 1,590, 2,270 da 4,540.

Ƙara wa mota sifirin ko jakar iska kaɗai ba ya ɗaga waɗannan alƙaluman. Iyakar ba ta sifirin kaɗai ba ce. Ta haɗa da birki, aksul, tayoyi da shasi.

Aunawa

Hanya mafi sauƙi ita ce a tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri, a auna tsayin daga ƙasa zuwa bakin bodi a saman tayar gaba da ta baya, kafin ɗaura tirela da bayan ɗaurawa. Saukar baya ta inci ɗaya zuwa biyu abu ne da aka saba gani. Awon gaba shi ne ya fi muhimmanci.

Mafi inganci shi ne hawa sikelin manyan motoci, irin na kamfanin CAT Scale da ke tashoshin manyan motoci na Amurka da Kanada, wanda ke ba da nauyin aksul na gaba, na baya da na tirela daban-daban. Ana auna motar ita kaɗai, sannan da tirela, a kwatanta. Don sanin nauyin wuyan ƙaramar tirela a gida, akan yi amfani da sikelin awon mutum da katako mai ƙarfi: a ɗora ƙarshen katakon ɗaya a kan bulo, ɗayan a kan sikeli, wuyan tirelar ya zauna santimita 30 daga bulon da santimita 60 daga sikelin. Abin da sikelin ya nuna sai a ninka shi sau uku.

Shirya kaya

Maganin farko ba ya cin kuɗi. A Arewacin Amurka ana so nauyin wuya ya kasance kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin tirela da kayanta, kuma kamfanonin hayar tirela kan ba da shawarar a sa kusan kashi 60 na kaya a rabin gaba. Idan awo ya nuna wuyan ya haura kashi 15, matsar da wasu kaya zuwa saman aksul na tirela zai rage lotsawar. Haka kuma kayan da ke cikin bodin motar gara a tura su gaba kusa da kan mota, kada a tara su a bakin ƙofar baya.

Kuskuren da ya fi haɗari a wannan fanni shi ne tura kaya can bayan tirela don motar ta miƙe. Lotsawar za ta ragu, amma tirelar da wuyanta ya yi sauƙi takan fara lilo hagu da dama idan gudu ya ƙaru ko babbar mota ta wuce ta gefe, kuma lilon yana iya ƙaruwa da kansa har ya kifar da mota da tirela. Tsakanin mota mai ɗan lotsawa da tirela mai lilo, ta farkon ta fi aminci nesa ba kusa ba.

Ƙugiya mai raba nauyi

Wannan ita ce kaɗai hanyar da ke mayar wa tayoyin gaba nauyin da suka rasa. Tana da sanduna biyu na ƙarfen sifirin da ke fita daga kan ƙugiya su bi gefen wuyan tirela. Ana ɗaga ƙarshensu da ƙarfi a rataye su a jikin wuyan da sarƙa ko maƙalin ƙarfe. Sandunan suna ƙoƙarin miƙewa, ta haka suke murɗa shasin motar, suna ɗaga bayanta suna danna gabanta, kamar yadda mai tura baro ke ɗaga hannuwa nauyi ya koma kan tayar gaba. A lokaci guda suna jan wuyan tirela ƙasa, wani kason nauyin ya tafi tayoyin tirelar.

A koma ga misalin da ya gabata, a ƙara cewa daga ƙwallon ƙugiya zuwa aksul na tirela mita 4.8 ne. Idan aka ɗaure sandunan har tayoyin gaba suka dawo da kilogiram 100 ɗinsu, aksul na tirela zai karɓi 60, ƙarin da ke kan aksul na baya kuma ya sauka daga 400 zuwa 240. Jimillar 240 da 60 ita ce 300 ɗin da aka fara da ita. Ba a rage nauyi ba, an dai sake raba shi.

Irin wannan ƙugiya ta bazu a Amurka a tsakiyar ƙarni na 20, lokacin da manyan motocin iyali ke jan ɗakunan kwana masu taya, kuma sunaye irin su Reese, Eaz-Lift da Equal-i-zer tun wancan zamanin suke kasuwa. An taɓa nuna ƙarfinta da mota Oldsmobile Toronado, wadda tayoyin gaba ke ja, tana tafiya da tirela bayan an cire mata tayoyin baya gaba ɗaya. Nunin talla ne, amma ya nuna abin da sandunan ke iya yi, da kuma haɗarin ɗaure su fiye da kima: idan aka sauƙaƙa tayoyin baya da yawa sukan rasa riƙo, tirela ta tura bayan motar gefe a kwana. Saboda haka littattafan motoci ba su yi ittifaƙi a kan mayar da nauyin gaba duka ba. Wasu sun ce a dawo da tsayin gaba yadda yake kafin ɗaura tirela, wasu rabin tazarar, wasu rubu'i. Abin bi shi ne littafin motar da ake magana a kai.

Ana sayar da sandunan ne bisa nauyin wuyan da za su ɗauka, kuma masu tauri fiye da buƙata suna wahalar da shasin tirela. Akan kwance su kafin shiga hanya mai kwazazzabai. Ba kowace irinta ce ke aiki da tirelar da birkinta ke kamawa ta hanyar turowar wuya ba, domin sandunan na iya hana wuyan zamewa.

Jakunkunan iska

Jaka ce ta roba mai ƙarfi da ake sa wa tsakanin shasi da aksul, ko a cikin sifirin mai naɗi, a hura mata iska gwargwadon kaya. Kamfanin Air Lift na Lansing a jihar Michigan yana yin su tun 1949, Firestone kuma yana sayar da nasa da sunan Ride-Rite. Manyan nau'o'insu suna aiki tsakanin psi 5 zuwa 100, kuma ba a barin su babu iska ko da motar ba kaya, don kada robar ta murƙushe ta yage. Amfaninsu shi ne ana iya sassauta su idan an sauke kaya, motar ta koma laushinta. An fi so kowace jaka ta samu bututunta daban, domin idan aka haɗa su iska takan gudu daga gefen da ya danne zuwa ɗayan a kwana, motar ta ƙara karkata. Wasu motocin suna zuwa da tsarin iska daga masana'anta mai daidaita kansa, kamar wanda Ram 1500 ta fara bayarwa a samfurin 2013.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne jakar iska tsayi take gyarawa, ba rabon nauyi ba. A misalin da aka bayar, bayan an hura jakunkuna motar ta miƙe, fitilu sun dawo kan hanya, amma aksul na baya yana nan da ƙarin 400 ɗinsa, na gaba kuma da giɓin 100. Mota na iya yin kyau a ido alhali ta wuce iyakarta. Idan za a haɗa jakunkuna da ƙugiya mai raba nauyi, a fara hura iskar sannan a saita sandunan, domin ƙara iska daga baya yana ɗaga ƙugiya ya sassauta su.

Ƙarin falle da robobin taimako

Ƙara falle ɗaya ko biyu a jerin sifirin hanya ce mai araha da makanikai suka sani a ko'ina, har da garejojin Najeriya da Nijar, inda ake yi wa motocin ɗaukar kaya haka ko da ba tirela suke ja ba. Tana ƙara tauri na dindindin, don haka motar takan yi tsalle idan ba kaya. Akwai kuma fallen taimako da ake ɗorawa a saman jerin, wanda ba ya shiga aiki sai bayan ya sauka zuwa wani mataki. Robobin taimako, irin na kamfanin Timbren na Kanada da SumoSprings, suna maye gurbin robar da ke tare aksul. Ba sa buƙatar iska ko kulawa, amma ba a iya saita su.

Idan mota tana lotse ko ba kaya, ko gefe ɗaya ya fi ɗaya sauka, alama ce sifirin ya gaji ko falle ya karye. Wannan canji yake buƙata, kuma ana canja gefe biyun tare.

Abubuwan da ba sa magance ta

Shokabzoba na yau da kullum ba ya ɗaukar nauyi, aikinsa kashe lilon sifirin ne. Sabo zai rage tsalle amma ba zai ɗaga bayan mota ba. Tayoyi masu ƙarfi da cika musu iska yadda aka tsara suna rage lanƙwasar gefen taya, ba sa taɓa sifirin. Ƙugiya mai hawa da sauka tana daidaita tirela ta tsaya a miƙe, abu ne mai amfani, sai dai nauyin da ke kan motar yana nan yadda yake.

Tirela mai hawa kan bodi

Manyan tireloli na dawakai, na kayan gona da na kwana sukan haɗu da mota a cikin bodi, daidai saman aksul na baya ko gaba da shi kaɗan. Tunda babu tazara a bayan aksul, tayoyin gaba ba sa rasa nauyi, kuma ba a amfani da sandunan raba nauyi. Sai dai kason da ke sauka kan motar ya fi girma, kashi 15 zuwa 25 cikin 100, wato tirela mai tan 5 na iya ɗora tan ɗaya a kan aksul na baya. A nan ne jakunkunan iska da fallen taimako suka fi dacewa, kuma a nan ne ake yawan buƙatar mota mai tayoyi huɗu a baya.

Turai

A Turai al'adar ta bambanta. Ana ƙera tireloli da aksul kusa da tsakiya, nauyin wuya yakan tsaya tsakanin kashi 4 zuwa 7 cikin 100, ƙwallon ƙugiya kuma girmansa ɗaya ne, milimita 50, saɓanin Amurka mai girma uku da aka saba: inci 1 da 7/8, inci 2, da inci 2 da 5/16. Sauƙin wuyan yana rage lotsawa, shi ya sa ƙananan motoci ke jan tirela a can ba tare da sandunan raba nauyi ba, kuma wasu kamfanonin Turai sun hana amfani da su a motocinsu. Abin da ake biya a madadin haka shi ne gudu: a Birtaniya iyakar mai jan tirela mil 60 ce a awa a babbar hanya, a Jamus kuma kilomita 80, sai wanda ya samu izini na musamman na kilomita 100.